Juma'ar da Muka Ci Tumun Gandu

Ranar Juma'a, 29 ga Agustan 1997, da hantsi, ni da taubashina muka shiga gonar gandu muka karyo kan gero 12, muka haɗa ƙirare a gindin gawo, muka gasa tumu, muna murzawa muna watsawa a baki har muƙamuƙi ya gaji. Ko ɓuya ba mu yi ba. Hayaƙi na tashi, duk wanda ya bi ta burtali yana kallonmu. A lissafin taubashin nawa babu wanda zai samu sararin dukanmu, domin kafin la'asar duniya za ta tashi. Ni ban gama yarda ba, amma a watan da rumbu ya koma sai ƙura da ɓeraye, yaro ba ya tsananta bincike a kan hujjar da za ta kai shi ga tumu.

Shekarata 13 a lokacin, shi 14. Ɗan goggona ne, Baba ya ɗauko shi riƙo tun yana ƙarami, tabarmarmu ɗaya, akushinmu ɗaya. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka bawana nake ce masa, shi kuma ya ce ubangidan da bai iya wasa fartanya ba gara a sayar da shi a sayi jaki.

Ƙauyenmu yana arewacin Kano, tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, a ƙasar da ba ka tafiyar minti goma ba ka ji dakan turmi ko kukan jaki ba. Mu ba mu da daji. Abin da matafiyi kan hango daga motar Daura ya zaci daji ne, itatuwan gona ne, kowace bishiya da mai ita: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo. Gona tana jingine da gona, iyakarsu layin gamba ko bini-da-zugu, kuma ba a barin ƙasa ta huta ko damina ɗaya. Taki ne ke riƙe da ita, kashin awaki da toka da sharar gida, ana jidarsu a mangala tun rani. Da irin wannan kunnen muka saurari fim ɗin Amurka.

Gidan kallon na wani ɗan garin ne da ya daɗe yana ci-rani a Legas, ya dawo da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta. Ya kewaye fili da zana a bayan shagon tela, ya jera benci huɗu, sauran jama'a a ƙasa. Naira biyar ake biya. Mu yara mukan samo ta daga yankan ciyawa ga masu tumaki ko ƙwadago a gonar wani. Wanda bai samu ba sai ya nemi huda a jikin zana, kunnensa ɗaya na sauraren takun mai gidan da bulalarsa ta darbejiya. Kaset daga Ɗambatta yake zuwa ranar kasuwa, kwafin kwafin kwafi, fuskar mutum ta koma kore, hoto yana rawa. In ya fara ruwa, mai gidan ya buɗe bidiyon ya goge kansa da takardar naira, mu kuma mu yi tsit kamar ana yi wa mara lafiya tofi. Zamanin Abacha ne, fetur yana wuya, saboda haka addu'ar kowane dare ita ce kada mai ya ƙare kafin bos ya mutu.

Akta da bos, ilminmu na fim ke nan gaba ɗaya. Na Indiya ne, Chanis ne, na harbi ne, dole a samu akta, dole a samu bos. Akta yakan sha duka amma ba ya mutuwa. Bos ba ya mutuwa sai ƙarshe. Ɗan wasa kuma ba shi da sunan yanka. Fim ɗin da muka fara ganinsa a ciki shi ne sunansa har abada. Arnold Schwarzenegger, wanda har yau babu dattijon garinmu da ya taɓa wahalar da harshensa a kan sunansa, Kwamando ne, saboda Commando na 1985. A Predator ma, da ya shafe jikinsa da taɓo ya yaƙi dodo, Kwamando ne. Kuma bai taɓa zama komai ba sai akta.

A farkon daminar nan aka kawo wani kaset ba kwali, an rubuta masa da biro: Kwamando da Ɗan Sanda. Terminator 2 ne na James Cameron, wanda ya fito a Amurka tun 1991, ya yi shekara shida a hanya kafin ya iso bayan shagon telanmu. Ba mu ma san na biyu ba ne. Mai fassara mana wani yayanmu ne ɗan sakandare, ana barinsa ya shiga kyauta ya zauna a bencin gaba. Turancin Amurka yakan wuce shi da gudu, amma bai taɓa yarda an gane ba: inda ya ji ya faɗa, inda bai ji ba ya cike da nasa. Daga bakinsa muka samu labarin. A shekarar 2029 injuna sun karɓe duniya a ƙarƙashin wata kwamfuta mai suna Skynet, ragowar mutane suna yaƙarsu, jagoransu John Connor. Sai injunan suka turo ɗan aike baya, zamanin da John yake ɗan shekara 10, ya kashe shi tun bai zama kowa ba. Mutane su ma suka turo nasu ya tsare yaron. Nasu shi ne Kwamando, ƙarfe a ciki, fata da tsoka a waje. Uwar yaron kuwa, Sarah, tana kulle a asibitin masu taɓin hankali saboda ta gaya wa likitoci gaskiya. Wannan bai ba mu wuya ba. Mun san sarkin da ya sa a yanka jarirai don tsoron yaro guda.

Wanda ya ɗauke mana hankali shi ne bos. Siririn mutum cikin kayan ɗan sanda, ba ƙwanji, ba tsawa. A harbe shi, jikinsa ya ɓurme kamar an jefa dutse a kwano, ya sake haɗewa. Ya ratsa ƙyauren ƙarfe, ya kwanta ya zama daɓen ɗaki, ya rikiɗa ya koma matar da ke riƙon yaron, hannunsa ya zama takobi. Masu fim T-1000 suka sa masa, Robert Patrick ne ya fito a matsayinsa, kuma da kwamfuta aka zana narkewar tasa, abin da ya jawo ɗaya daga kyaututtukan Oscar huɗu da fim ɗin ya ci. Duk ba mu san wannan ba. Mun dai san masu zubin tukwane a kasuwa, masu narka tsofaffin gwangwanaye su zuba a yashi, sai muka raɗa masa Dalma.

A kan Dalma aka fara musu, kuma bai tsaya a bakin yara ba. A teburin mai shayi magidanta masu gemu suka rabu gida biyu. Wasu suka ce aljani ne, tun da yana rikiɗa. Wasu suka ce aljani ba ya neman mota, wannan kuwa har babbar mota ya ƙwace. Sai aka kawo babbar tambaya: in aka haɗa Dalma da ɗan tauri, wa zai kai wani ƙasa? 'Yan tauri suka ce magana ta ƙare, makaminsa tsini ne da kaifi, su kuwa ƙarfe ba ya cin su, da ya soka zai lanƙwashe. Masu ja suka ce tauri don ƙarfen maƙera aka dafa shi, ba don ƙarfen da ke gudana ba. Maƙerin garinmu, wanda bai taɓa taka ƙofar gidan kallo ba, yana jinsu yana bugun ruwan fartanya a kan uwar maƙera. Da suka ishe shi ya ɗago ya ce, "Ku da kuka gani, da me aka kashe shi?" Aka ce cikin narkakken ƙarfe ya faɗa, a wata masana'anta. Ya ce, "To me kuke musu a kai? Ƙarfe ko na Bature ne, wuta ce uwarsa. Yaro, ja zuga-zugi." Daga ranar ɗan maƙerin ya riƙa taku a gari kamar gidansu ne suka ci yaƙin.

Namu musun na yara a gona muka yi shi, lokacin maimai, muna duƙe. Wanda ya taɓa noma daga asuba zuwa azahar da fartanya mai gajeriyar ƙota ya san abin da ƙugu ke faɗa. To ga wani ba ya gajiya, ba ya ƙishi, ba ya jiran a kawo fura, kuma an umarce shi ya bi duk abin da yaro ya ce. A fim ɗin yaron ya ce masa ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya tsaya. Abin ya ba mu haushi ƙwarai. A ba ka irin wannan, ka rasa aikin da za ka sa shi sai tsayuwa da ƙafa ɗaya? Kowa ya shiga lissafin kunya nawa zai nome kafin hantsi, dami nawa zai ɗauka a tafiya guda, ko zai ja garma shi kaɗai ba shanu. Amurkawa sun yi fim don su tsorata kansu da inji, mu kuwa da kwaɗayinsa muka kwana.

Baba yana gabanmu, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kunya. Ya miƙe ya dafe ƙugu ya ce, "Wannan Kwamandon naku, yana haihuwar gona?" Muka ce a'a, Baba. Ya nuna da fartanya daga gamba zuwa gamba. "Wannan, da ta baffanku, da ta bayan tsamiya, duk ta kakanku ce, gona guda. Mu huɗu muka raba. Ku kuma ga ku nan, kun fi mu yawa. In ya nome ta kafin hantsi, sai ku yi me da sauran yinin? Ba hannu muka rasa ba." Ya tofa yawu a tafinsa ya kama wata kunyar. Na karanta sharhi da dama a kan fim ɗin nan daga baya, ban ga wanda ya shigo masa ta wannan ƙofar ba.

Zancen ranar kuwa mai fassara ne ya tono shi. A kallo na uku ya sa aka mayar da kaset baya har sau biyu, sannan ya juyo ya ce matar ta faɗi rana: 29 ga Agusta, 1997, makaman nukiliya za su hallaka mutum biliyan uku, kuma sunan fim ɗin ma Ranar Hisabi. Muna cikin Yuli. Wani ya ruga shagon tela ya duba kalanda ya dawo yana haki: Juma'a ce. Wurin ya yi tsit. Duk wanda ya taɓa zama a gaban allo ya san ranar Juma'a Alƙiyama za ta tsaya. Ta ina Bature ya samu wannan?

Nan muka raba hanya da taubashina, har yau kuma ba mu haɗu ba. Ni na ce ai an hana abin: sun fasa kamfanin da ke ƙera kwamfutar, sun jefa guntun hannun ƙarfe da 'yar ƙwaƙwalwar da aka ɓoye a wuta, Kwamando ma ya sa an zura shi cikin narkakken ƙarfe don kada a samu abin kwaikwayo. Har uwar yaron ta zana wasu kalmomi da wuƙa a kan tebur, waɗanda mai fassara ya karanta ya yi a'uziyya, sannan ya sassauta su ya ce nufinta mutum ya tashi ya nema. Shi taubashin nawa ya ce abin da aka rubuta an rubuta. In har wani ya zo daga 2029 ya ce an yi yaƙi, to an yi. In ba a yi ba, daga ina ya fito? Ban da amsa a ranar. Da zan yi adalci, masu fim ɗin ma ba su da ita.

Juma'ar ta zo garau. Manya suka tafi masallaci suka dawo, la'asar ta yi, magariba ta faɗi, babu abin da ya tashi sai hankalin Baba. Bai dake mu ba. Ya ce tun da duniya ta fasa tashi, tsuntsaye ma suna nan, mu ne masu korarsu daga gero kullum tun asuba har a yi girbi. Malam kuwa, da labari ya kai masa a makarantar dare, ya sa aka ƙara kara a wuta don ya ga fuskokinmu da kyau.

"Wa ya ba ku ranar?"

Taubashina ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, wata mata ce, da wani ƙarfe."

"Abin da aka ɓoye wa Annabawa da Mala'iku, shi aka gaya wa ƙarfe?"

Bulala bibbiyu, marasa zafi, don dariya na cinsa. Sai bayan shekaru na lura fim ɗin har lokaci ya faɗa, 2:14 na dare agogon gabashin Amurka, wato 7:14 na safe a wajenmu. Ashe sa'ad da muke hura wutar tumu, tashin duniyar ya riga ya wuce mu da awa biyu. Washegarin Juma'ar mai fassara ya ce wucewar ranar ita ce babbar shaidar cewa fim ɗin gaskiya ne, tun da kowa ya ga yadda aka hana. Taubashina ya ce ba a hana ba, ɗagawa aka yi.

Da rani, bayan an kai amfani gida, aka kawo na farkon, The Terminator na 1984. Gidan ya cika har kan bishiya, kowa ya zo ganin Kwamando. Ya bayyana, aka yi tafi da fito. Ya far wa wasu 'yan iska ya ƙwace tufafinsu, aka ce su suka ja. Sai ya buɗe littafin lambobin waya, ya nemo mata masu suna Sarah Connor, ya je ƙofar ta farko ya harbe ta. Tafi ya tsaya. Wani daga baya ya ce ƙila muguwa ce. Da ya kutsa ofishin 'yan sanda da mota ya shiga ɓarin wuta, mai fassara ya juyo da muryar mai kai saƙon rasuwa ya ce, "Jama'a, sai haƙuri. Kwamando ne bos." Aka yi caa. Wasu suka ce a mayar musu da kuɗinsu, wasu suka ce ƙaninsa ne mai kama da shi, wani dattijo ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita yana cewa duniya ta lalace. A ƙarshe wuta ta cinye fatar, ƙwarangwal na ƙarfe ya fito da jajayen idanu, ya rabu biyu yana jan ciki, yarinya mai kai wa mutane abinci a kantin cin abinci ta danne shi a injin matse ƙarfe. Kwamando, a hannun mace. Muka watse babu mai magana.

Akwai kuma abin da ya ɗaure mana kai shekara da shekaru. Mai gidan kallo mutum ne mai kunya. Duk inda namiji da mace suka matso kusa, sai ya danna ya tura kaset gaba yana kallon sama. To a wannan fim ɗin ƙullin labarin a daidai inda ya tura yake: sojan da John ya turo daga 2029 ya ceci uwarsa, Kyle Reese, shi ne ya zama ubansa. Mu dai mun ga soja ya mutu, mun ga Sarah da ciki tana tuƙa mota, ba ɗaurin aure, ba goro. Aka yi ta zato. Sai da na je birni karatu na kalle shi cikakke, na kawo labari gida cewa ɗan ne ya aiko uban, kuma ya girme shi. Mai shayi ya ce waɗannan ko alƙali ba zai iya raba musu gado ba.

Taubashina ne kaɗai ya fito daga kallon nan yana murmushi. Ya ce yau ya ga ƙarfe na gaskiya. Hujjarsa a ƙafarsa take, tabo ne a babban yatsa: fartanya ba ta san mai ita ba, yadda take yanke ciyawa haka take yanke ka. Ƙarfe ba shi da amana, ba shi da tausayi, hali zanen dutse. Na biyun, in ji shi, tatsuniya ce aka yi wa yara, an mayar da namijin duniya bawan ɗan shekara 10, an hana shi kisa, yana ta harbin gwiwoyi. Na ce ai bawa shi ya san ciwon bawa. Ni na tsaya a kan na biyu, kuma ina nan a kai. Ƙarfen guda ne, fuskar guda ce, abin da aka zuba masa a ka ne ya bambanta, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro, ya kuma fi sa min rai. Duk wanda ya ce bai ji komai ba lokacin da ake zura shi cikin wuta da sarƙa, hannu ya rage a sama ya ɗaga babban yatsa, ƙarya yake. Na ga ƙarti suna share ido suna cewa hayaƙin janareta ne. Da na gaya masa daga baya cewa na farko dala miliyan shida da 'yan kai aka kashe masa, na biyu kuwa wajen miliyan 100, cewa ya yi, "Ka ji ko? Kuɗi ne suka lalata shi."

Zamani ya juya. A 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, a 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai, gidajen kallo suka shiga taka-tsantsan. Amma ba doka ce ta kori Kwamando daga bayan shagon tela ba. Sangaya ne da Wasila da Ibro, fina-finan da ba sa buƙatar ɗan sakandare a bencin gaba, sai kuma ƙwallon Turai ta zo ta tauraron ɗan'adam ta cinye ragowar. Ni na tafi birni. Shi ya koma gidan ubansa a ƙauyen da ke gefenmu, ya karɓi gayaunarsa, ya yi aure.

Na uku ya fito a 2003, na kawo shi gida a faifan sidi da hutun Ƙaramar Sallah. Wannan karon bos mace ce, abin da ya jawo nasa surutun, amma ƙarshen ne ya miƙa wa taubashina abin da ya shekara shida yana jira. John da wata yarinya suka shiga wani gini a cikin dutse suna zaton can za su kashe Skynet, ashe mafaka aka kai su. Makamai suka tashi, duniya ta kama da wuta. Ba a soke ranar ba, ɗaga ta aka yi, kalmar da ya faɗa yana ɗan shekara 14 a bakin gero, da gwangwanin korar tsuntsu a hannu. Ya miƙe tsaye a tsakar ɗaki ya ce, "Ubangida, a maimaita mana wurin nan." Na ce ba Cameron ne ya yi wannan ba, wani ne daban. Ya ce ƙaddara ba ta tambayar wa ya riƙe kyamara. Na ce Malam ya koya mana addu'a da sadaka suna tare masifa. Ya ce Malam ɗin ne kuma ya koya mana alƙalami ya bushe. Duka biyun Malam ya faɗa, ga shi lokacin ya riga mu gidan gaskiya, babu mai raba mu.

A shekarar ne kuma muka ji a rediyo cewa Kwamando ya ci zaɓen gwamnan Kalifoniya. Mu a Kano mun zaɓi malamin makaranta, Malam Ibrahim Shekarau, su sun zaɓi mai ɗaga ƙarfe. Wani tsoho a majalisa ya tambaya, kuma da gaske yake: wanne daga ciki, na kirkin ko mugun?

Sauran ba su da dogon labari. An yi na 2009 Kwamando yana kan kujerar gwamna, an yi na 2015, an yi na 2019. Masoyan fim ɗin a duniya suna ta faɗa a kan wanne za a ƙirga, wanne za a yi kamar ba a yi ba, kuma da yawansu sun tsaya inda muka tsaya, tsakanin na ɗaya da na biyu. Yaran garinmu na yanzu ba su san wannan rigimar ba. Mutum-mutuminsu Chitti ne, na Rajinikanth, daga fim ɗin Indiya na 2010, a shagon caji ake tura musu a waya, da Hausa tsaf irin wadda su Algaita suka saba mana da ita. Fassarar ta fi ta yayanmu nesa ba kusa ba, sai dai ba ka iya ce wa mai ita ƙarya yake, ya juyo ya rantse maka.

Bara, ƙarshen damina, na je gida. Baba ya rasu, an raba gandun kamar yadda ya lissafa. Rabona ɗan tsiri ne, in ka jefa hoge daga wannan gamba sai ya faɗa bayan waccan. Taubashina ke noma shi aro, yana aiko min da gero da wake in Allah ya ba da damina. Na same shi da tankin feshi a baya, ya ɗaure hanci da ƙyalle yana bin wake, injin da ya iso gonarmu ke nan. Muka zauna a gindin gawon nan, duk da ba shi da inuwar kirki, don shi da damina yake zubar da ganye. Na ba shi labarin na 2019, tun da bai gani ba: tun a mintunan farko Kwamando ya harbe John yana yaro, ya gama aikin da aka aiko shi, ya rasa abin yi, ya tsufa a Teksas tare da wata mata da ɗanta, yana sana'ar labule.

"Labule?"

"Labulen taga. Har shawarar zane yake ba mutane."

Ya yi dariya sai da tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To ka gani. Yaron dai ya mutu. An rubuta."

Na ce, "Ƙarfen kuma ya tuba. Ya za ka yi da wannan?"

Ya ce tuban muzuru ne.

Ya tsinko kara yana sakace, ya dubi tsirin gonar tawa daga gamba zuwa gamba, yadda Baba ya taɓa nunawa. "Ubangida, 2029 fa ta ƙarato. Za ka dawo ka karɓi gonarka kafin nan, ko bawa ya ci gaba?" Ban ba shi amsa ba. Ya ƙwala wa ɗansa kira ya ce ya kawo ashana, ya karyo mana kai huɗu masu kyau, daga ɓangarena, ba nasa ba.